Zakara Ɗaya, Kaji Nawa? Amsar Wani Manomin Rum

Wajen shekara ta 60 miladiyya, wani manomi mai suna Kolumela, haifaffen garin Kadis da ke Sifaniya ta yau, ya rubuta wa Rumawa littafin noma mai juzu'i 12. A juzu'i na 8 ya tsaya kan tambayar da har yanzu ke damun mai kiwo a bayan gida: kaji nawa zakara ɗaya zai iya yi wa barbara?

Ya ba zakaran gida kaji 5. Manyan zakarun tsibirin Rodos kuwa, waɗanda Girkawa ke alfahari da su a fagen faɗa, 3 kacal ya ba su, domin nauyin jiki yana sa su kasala wajen barbara, matansu kuma ba su iya kwanci ba. A wurinsa, ƙwai mai ƙyanƙyasuwa shi ne ma'aunin zakara.

Mafaɗacin zakara ma bai bar shi haka ba. Ya ce a yanko fata, a huda tsakiyarta, a zura ƙafarsa ciki, ta zame masa mari har ya daina korar 'yan uwansa daga kaji.

Masu kiwo na yau sun faɗaɗa lissafin zuwa kaji 8 ko 10. An gano cewa kaza tana adana maniyyi a jikinta kusan mako biyu, saboda haka ba kullum take buƙatar zakara ba. Idan zakaru suka yi yawa, sai a ga gadon bayan kaji a fige, ƙwai kuma ya ragu.

Shawararsa da ta fi daɗewa ita ce haɗa baƙon zakara da kazar gida, domin 'ya'yan su ɗauko girman uba da yawan ƙwan uwa. Kan wannan tunani aka gina shirin musayar zakaru a ƙauyukan Nijeriya a ƙarni na 20, inda aka raba irin Rhode Island Red. Shirin bai yi nisa ba. Baƙin sun sha fama da cuta da ƙarancin abinci, kajin kuma a sake suke yawo, zakaran maƙwabci yana riga baƙon zuwa. Kolumela ya yi lissafinsa ne a farfajiya mai katanga. Wanda bai killace kajinsa ba, ba shi ke zaɓen uban 'yan tsakinsa ba.