Cecil Beaton, Mai Tsara Tufafin 'Yan Wasa

A ƙasashen Turawa, in za a yi wasan kwaikwayo ko a ɗauki silima, akwai wani ma'aikaci wanda 'yan kallo ba su ganinsa, amma duk abin da idonsu ya sauka a kai ta hannunsa ya biyo. Shi ke zana siffar ɗakin da za a yi wasa a ciki, shi ke nuna wa maɗinka irin rigar da kowane ɗan wasa zai sa. Cikin waɗanda suka yi fice a wannan sana'a akwai Cecil Beaton, mutumin Ingila.

An haife shi a birnin Landan cikin 1904. Ubansa attajirin katako ne, amma zuciyar yaron ba ta ga katako. Matar da ta yi renonsa ita ta koya masa ɗaukar hoto, da wannan kuwa ya fara cin abinci.

Cikin 1938 ya yi abin da ya kusa kashe masa kasuwa. Yana yi wa mujallar Vogue aiki a Amurka, sai ya cusa kalmar zagin Yahudawa cikin wani zane, da ƙananan baƙaƙe. Asiri ya tonu, aka sallame shi, kuma ba a zalunce shi ba. Yaƙin duniya na biyu ne ya mayar masa da mutunci. Cikin 1940 ya ɗauki hoton wata yarinya 'yar shekara 3 wadda bom ɗin Jamus ya yi wa rauni, tana zaune a gadon asibiti, kai a ɗaure, rungume da 'yar tsanarta. Hoton nan ya taɓa zukatan mutanen Amurka ƙwarai. Ran naɗin Sarauniya Elizabeth cikin 1953, shi aka kira ya ɗauki hotonta.

To, amma gwanintarsa ta tsara tufafi a wasan My Fair Lady ta fi bayyana, wanda aka fara a New York cikin 1956. Labarin wata mai tallar furanni ne, wadda wani malami ya koya wa maganar manya har ta saje da su. Watau sai tufafinta sun riƙa sakewa tare da bakinta, in ba haka ba 'yan kallo ba za su yarda ba. Akwai wurin da manyan gari suka taru kallon sukuwar dawaki a Ascot. Beaton ya san cikin 1910, da Sarki Edward na 7 ya rasu, da baƙaƙen tufafin makoki aka je sukuwar nan. Saboda haka ya hana matan jan yadi da kore, ya sa musu baƙi da fari, da manya-manyan malafuna. Da aka mai da wasan silima cikin 1964, ya sami lambar Oscar biyu, ɗaya ta tufafi, ɗaya ta tsarin ɗakuna.

Sarauniya ta ba shi muƙamin Sir cikin 1972. Bayan shekara biyu ciwon shanyewar jiki ya kama ɓarinsa na dama, ya koma koyon zane da rubutu da hagu, yana da shekara 70. Ya rasu cikin Janairu 1980.