Tarihin Satar Agoguna 106 a Birnin Ƙudus

TAMBAYA: Wani mai sauraronmu, wanda ya ce sana'arsa gyaran agogo da sayar da su a kasuwannin ƙauye, ya aiko mana da wasiƙa yana cewa ya daɗe yana tara tsofaffin agoguna a gida, na hannu da na aljihu, har sun yi yawa, yanzu kuma tsoron ɓarayi ya hana shi barci. Ya ce don Allah a ba shi tarihin wata babbar satar agoguna da ya ji an taɓa yi a Birnin Ƙudus, ko an gano kayan, da kuma abin da mutum irinsa zai koya daga ciki.

AMSA: To, Malam, mun gode da wannan wasiƙa taka. Lalle an yi wannan sata, ranar 15 ga watan Afrilu na shekarar 1983, kuma masana harkar agogo na lissafa ta cikin mafiya girma da aka taɓa yi. Amma kafin mu zo kan ɓarawon, bari mu fara da kayan da aka sace, domin sai an san darajar kaya ake sanin zafin rashinsa.

Labarin ya faro ne daga wani maƙerin agogo mai suna Abraham-Louis Breguet, wanda aka haifa a garin Neuchatel na ƙasar Suwizalan a 1747. Tun yana saurayi ya koma Faransa, ya buɗe shagonsa a birnin Faris a 1775. Ba da daɗewa ba sunansa ya kai fada, har Sarki Louis na 16 da matarsa Sarauniya Marie Antoinette suka shiga cikin masu sayen agogunansa.

A 1783 aka kawo masa wani aiki wanda ba a taɓa ba wani maƙeri irinsa ba. An ce wani hafsa ne daga cikin masu tsaron sarauniya ya kawo saƙon. Aka ce ya ƙera mata agogon aljihu wanda ya ƙunshi duk wata hikima da aka sani a wannan zamani, kuma duk inda zinariya za ta iya maye gurbin wani ƙarfe, to a sa zinariya. Ba a yanka masa rana ba, ba a kuma ƙayyade masa kuɗi ba.

Ashe sarauniya ba za ta taɓa ganin agogon nan da idonta ba. A 1789 juyin juya hali ya ɓarke a Faransa, talakawa suka tayar wa sarauta, a watan Oktoba na 1793 kuwa aka fille wa Marie Antoinette kai a bainar jama'a. Shi kansa Breguet sai da ya gudu Suwizalan a wannan shekara, bai dawo ba sai 1795. Ya rasu a 1823 aikin bai ƙare ba, sai ɗansa ne ya ƙarasa shi a 1827. Wato ke nan shekara 44 aka yi daga ranar da aka ba da aiki zuwa ranar da aka gama.

To, me ke cikin wannan agogo? Faɗinsa bai wuce kimanin santimita 6 ba, amma ƙananan sassa 823 ne aka harhaɗa a cikinsa. Yana nuna rana da wata, yana kuma gane watan da ke da kwana 30 da mai 31 ba tare da an gyara masa ba. In dare ya yi, ba ka ganin hannuwansa, sai ka taɓa shi ya buga maka ƙarfe nawa ne har da mintoci. Yana auna zafi da sanyi. Ba ya bukatar a murɗa shi kullum, motsin jikin mai shi ya ishe shi. Fuskarsa kuwa ta wani dutse ce mai haske kamar gilashi, ana hango kayan cikinsa suna aiki.

Ga wani abu da muke so ka riƙe, Malam, don zai yi mana amfani a gaba. Breguet mutum ne mai rubutu. Kowane agogo ya ƙera sai ya buga masa lamba, ya shigar da ita cikin littafin shago tare da sunan wanda ya saya da ranar ciniki da kuɗin da aka biya. Lambar agogon sarauniya ita ce 160. Waɗannan littattafai suna nan a adane a Faris.

Agogon ya yi ta sauya hannu har ya faɗa wurin wani attajirin Ingila, Sir David Salomons, mutumin da ya ƙwallafa rai a kan aikin Breguet, ya tara agogunansa fiye da 100. Da ya rasu a 1925, 'yarsa Vera ta gaji wani kaso mai tsoka. Ita ce ta kafa gidan adana kayan tarihin fasahar Musulunci a Birnin Ƙudus, ta sa masa sunan malaminta, Farfesa L.A. Mayer, ta kuma bar masa agogunan mahaifinta. An buɗe gidan a 1974, bayan rasuwarta. A 1980 aka buga littafi mai ɗauke da hotunan agogunan da bayanin kowanne ɗaya.

Yanzu sai mu zo kan daren sata. Ranar Juma'a ce, an rufe gidan da wuri saboda hutun Asabar na Yahudawa. Akwai masu gadi, amma suna can wajen babbar ƙofa. Akwai ƙararrawar tona asirin ɓarawo, amma ta lalace ba a gyara ba. A gefen ginin kuma akwai wata 'yar ƙaramar taga mai sandunan ƙarfe, wadda ba wanda ya damu da ita, don ana ganin ba mahalukin da zai iya kurɗawa ta nan. Hausawa dai sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Ɓarawon ya zo da mota, ya ajiye ta yadda za ta kare shi daga idon masu wucewa. Ya sa jak irin na ɗaga mota ya buɗa sandunan ƙarfe, ya hau da tsani, da yake siriri ne ya zurara ciki. Ya kwashe sa'o'i yana buɗe akwatunan gilashi yana zaɓen abin da ransa ke so, ba wanda ya ji motsinsa. Da gari ya waye aka duba, agoguna 106 sun yi ɓatan dabo, har da na sarauniya. In ɓera da sata, ai daddawa ma da wari.

'Yan sandan Isra'ila suka shiga farauta, aka baza cigiya ƙasashen duniya. Yawancin masu bincike sun ɗauka ƙungiyar ɓarayi ce, don a ganinsu aikin ya fi ƙarfin mutum ɗaya. Cikin waɗanda aka zarga akwai wani tsohon ɓarawo mai suna Na'aman Diller, wanda ya taɓa fasa banki a Tel Aviv a 1967 har ya yi zaman kurkuku. Amma da aka duba fasfonsa sai aka ga hatimi na nuna ba ya ƙasar a ranar, aka ƙyale shi. Ashe hatimin jabu ne, shi ya ƙera abinsa. Haka aka yi shekara 23 ba amo ba labari.

To, a nan ne abin mamakin yake. Mutumin nan ya mallaki dukiya ta miliyoyin daloli, amma ta zame masa ƙarfen ƙafa. Wa zai kai wa agogo mai lamba 160? Duk wani babban dillalin agogo a Turai da Amurka ya san lambar, ya ga hotonsa a littafi. Ranar da ya fito da shi kasuwa, ranar asirinsa zai tonu. Sai ya rarraba kayan, wasu a ɗakin ajiya a Isra'ila, wasu a akwatunan ajiya na bankunan Turai, wasu a Amurka, yana biyan kuɗin haya a kan abin da ba ya iya ci. Sai da cutar daji ta kama shi, ya ga ba makawa, sa'an nan ya gaya wa matarsa gaskiya. Ya mutu a 2004, ya bar mata kayan.

A 2006 wata lauya a Tel Aviv, wadda matar ta wakilta, ta kira wani dillalin tsofaffin agoguna ya zo ya yi wa wasu kaya kuɗi. Da ya buɗe kwalaye sai ya ga agoguna a nannaɗe cikin tsofaffin jaridu. Kallo ɗaya ya yi musu ya gane su. Maimakon ya saye su da arha ya yi shiru, sai ya sanar da shugabannin gidan tarihi. Aka yi ciniki a asirce, gidan ya biya kuɗin da bai wuce dala 40,000 ba, ya karɓi agoguna wajen 40, ciki har da na sarauniya, wanda shi kaɗai an ƙiyasta darajarsa a kan dala miliyan 30. Aka bi lambobi da hotunan littafin nan na 1980 ɗaya bayan ɗaya, aka tabbatar su ne.

Labari ya fito fili a watan Nuwamba na 2007. 'Yan sanda suka bi sawun takardun ɗakin ajiya har suka kai ga sunan matar a birnin Los Angeles, daga nan suka gane wanda ya yi satar. A 2008 aka buɗe wasu akwatunan ajiya na banki a Faransa aka sami ƙarin guda 43. A taƙaice dai, cikin 106 an gano 96, aka mayar da mafi yawansu wurinsu, a wannan karo cikin ɗaki mai tsaro na gaske. Ita kuwa matar, wata kotu a Amurka ta same ta da laifin karɓar kayan sata a 2010, aka yi mata ɗaurin talala na shekara 5 da aikin gayya na awa 300. Rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya.

Wani abin dariya kuma, a lokacin da aka fid da tsammani, kamfanin Breguet na zamani ya sa ma'aikatansa su ƙera wani sak irinsa, suna bin tsofaffin zane-zane da hotuna. Kafin su gama sai ga na asali ya bayyana. Aka nuna sabon a 2008, aka ba shi lamba 1160. Na asalin kuwa an kai shi Landan a ƙarshen 2024, jama'a suka yi ta kallonsa na 'yan watanni.

To, Malam, ga abin da muka tsinta a wannan tarihi. Ka lura, masu gadi da sandunan ƙarfe ba su hana sata ba. Abin da ya hana ɓarawo cin moriyar kayan, ya kuma dawo da su hannun masu su, shi ne lamba da hoto da rubutu. Saboda haka ka sami littafi, ka rubuta sunan kamfanin kowane agogo da lambar da ke bayan murfinsa, da duk wata alama ko tabo da ke jikinsa. Ka ɗauki hotonsa gaba da baya da wayarka, ka haɗa da rasit in akwai. Kada ka ajiye littafin nan a akwati ɗaya da agogunan, ka ba wani amintacce kwafi ya riƙe. Ai dabarar makiyaya ce, da kan yi wa dabba shaida a kunne ko a cinya don a gane ta ko da ta shiga garken wani. Manomi ma haka ya kamata ya yi da lambar injin ban-ruwa da ta babur da ta keken ɗinki.

Bayan wannan, ka zagaya gidanka da idon ɓarawo. Galibi mutum kan sa ƙaton kwaɗo a ƙofar zaure, ya manta da tagar baya, ko katangar da damina ta zaizaye, ko kwanon rufin da ƙusa ta saki. Kwaɗon da ya lalace a sake shi yau, kada a ce sai ran kasuwa, don ka ji abin da lalatacciyar ƙararrawa ta jawo. In kana da adaka ko akwatin ƙarfe, a kafe shi da ƙasa ko da bango, in ba haka ba da shi da abin ciki za a sunkuta. Kada ka tara ƙwanka duka a kwando ɗaya: masu tsadar a ware su daban, in da hali a kai su ajiyar banki. Sa'an nan ka kama bakinka. Ba kowane baƙo ake buɗe wa akwati ba, kuma ba a faɗin ranar tafiya fatauci a majalisa, don da ɗan gari akan ci gari.

Ku kuma 'yan kasuwa da dillalai, ku dubi abin da dillalin nan na Tel Aviv ya yi. In aka kawo muku kaya mai daraja da arhar banza, ba rasit, ba shaida, mai shi kuma yana waige-waige, to ku yi hattara. Ɓarawo ba ya sata sai ya san akwai mai saye, kuma a gaban shari'a mai karɓar kayan sata ma mai laifi ne. In kuma tsautsayi ya faɗa maka, Malam, ka garzaya wurin 'yan sanda da littafinka a hannu, ka kuma ba abokan sana'arka lambobin, domin hannunsu kayan zai biyo.