Garnet Wolseley: hafsan Ingila da ya ƙone Kumasi a 1874

Garnet Joseph Wolseley (1833–1913) hafsan sojan Ingila ne da ya kai muƙamin fil mashal. A Ghana an fi saninsa da yaƙin da Asantawa ke kira Sagrenti, wato yadda suka furta sunansa, Sir Garnet.

An haife shi ranar 4 ga Yuni 1833 kusa da birnin Dublin. Ya shiga soja a 1852, ya yi yaƙi a Burma, da Kirimiya inda ya rasa ganin ido ɗaya, da Indiya da Sin da Kanada.

A watan Oktoban 1873 ya sauka a Cape Coast, mulkin gaɓar teku da jagorancin soja duk a hannunsa. Tushen rikicin kuwa shi ne Elmina, wadda Holan ta miƙa wa Ingila a 1872, alhali Asante na ganin tata ce. Da ya san zazzaɓi ya fi bindiga kashe Turawa, sai ya sa aka share hanya zuwa kogin Pra, ya kammala yaƙin kafin damina ta kankama. Ya yi nasara a Amoaful ranar 31 ga Janairu 1874, ya shiga Kumasi ranar 4 ga Fabrairu. Bayan kwana biyu aka kwashe kayan fada, aka cinna wa birnin wuta. Yarjejeniyar Fomena ta ɗora wa Asantehene Kofi Karikari tarar zinariya oza 50,000, kuma kafin shekarar ta ƙare aka sauke shi daga mulki.

Akwai hannun Hausawa a wannan yaƙi. Kyaftin John Glover, wanda ya kafa rundunar Hausawa a Legas a 1863, ya biyo da su ta ɓangaren kogin Volta. Da yawansu bayi ne da suka tsere wa iyayengijinsu, kuma ba dukansu ne Hausawan asali ba, harshe ne ya haɗa su. Bayan Ingila ta mamaye Kumasi a 1896, tsofaffin sojoji da fataken goro na cikin waɗanda suka raya zangon birnin.

Daga nan Wolseley ya riƙe mulkin Natal a 1875 da na tsibirin Saifurus a 1878. A 1882 ya murƙushe Ahmad Urabi a Tel el-Kebir ta Masar. A 1885 dakarunsa sun isa Khartum kwana biyu bayan mayaƙan Mahdi sun kashe Janar Gordon. Ya zama fil mashal a 1894, sannan babban kwamandan sojan Ingila daga 1895 zuwa 1900. Ya mutu a Menton ta Faransa ranar 25 ga Maris 1913.

A 2024, shekara 150 bayan gobarar, wasu daga cikin kayan da aka kwashe sun dawo fadar Manhyia. Waɗanda suka fito daga gidajen tarihin Landan aro aka bayar da su.