Maƙiyan Ƙarfe Biyu: Daga Jamus Zuwa Matatar Kaduna



Duk wanda ya taso a Kaura Namoda ya san tsatsa, domin tun 1929 layin dogo ya iso garin. Ita tsatsa ido na ganinta. Akwai maƙiya biyu da ke cin ƙarfe a ɓoye: haidirojin da farar wuta.

Wajen 1910, injiniyan kamfanin BASF na Jamus, Carl Bosch, yana neman hanyar samar da amoniya mai yawa. Tukwanen ƙarfensa sai su yi 'yan kwanaki su tsage. Da ya bincika, ya gano cewa a cikin tsananin zafi da matsi, haidirojin na kutsawa jikin ƙarfen, ya haɗu da kabon ɗin da ke ba shi ƙarfi, su zama iskar mitan. Iskar ba ta da mafita, sai ta tsattsaga ƙarfen daga ciki. Bosch ya shimfiɗa tattausan ƙarfe mai ƙarancin kabon a ciki, ya huda ƙananan ramuka a bangon waje don haidirojin ɗin ya fice. A 1913 masana'antar Oppau ta fara aiki. Takin yuriya da manoman Zurmi da Shinkafi ke zubawa yau jikan wannan dabara ne.

Farar wuta kuwa a ɗanyen mai take. Idan zafi ya haura digiri 260, sai ta riƙa cin bututu har ya zama kamar takarda. Haka ta faru a matatar Richmond ta Amurka a Agustan 2012: bututu ya fashe, wuta ta tashi, mutum kusan 15,000 suka nemi magani.

Abin ya shafe mu. Matatar Kaduna, wadda kamfanin Chiyoda na Japan ya gina aka buɗe a 1980, tana da sashen man juye da kwalta. Man ƙasarmu mai ƙarancin farar wuta bai dace da wannan aiki ba, shi ya sa aka riƙa shigo da mai nauyi daga Benezuwela da Kuwait da Saudiyya. Bututunta kuma ya zo har defot ɗin Gusau.

Don haka idan ana maganar farfaɗo da matatar, tambayar da ta kamace mu ita ce: wa ya auna kaurin bututun, kuma yaushe? Ɗaliban Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaura, wannan aikin ku yake jira.