Daga Tuwon Dawa Zuwa Zalabiya: Yadda Akushinmu Ya Sauya a Bakin Shuɗin Nilu

Bayan yaƙin Burmi na 1903, waɗanda suka tsira sun bi Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, suka yi gabas har suka yada zango a ƙasar Sudan, kusa da Sinnar, a garin da ke ɗauke da sunansa har yau. Wasu kuma niyyar Makka ce ta fito da su, guzuri ya ƙare a hanya, suka zauna. Tukunyar da kakanninmu suka ɗora a can ba ta bambanta da ta gida ba: tuwon dawa, miyar kuka ko kuɓewa, fura da nono, kifi idan kogi ya bayar. Mai kuwa ɗan ɗigo ne. Nama sai sallah ko suna.

Da aka gama madatsar ruwan Sinnar a 1925, gonakin audugar Jazira suka buɗe, mutanenmu suka zama hannun da ke shuka da tsinta. Wanda ya wuni a sunkuye cikin kunya, me zai ci ya taru masa a ciki? A wannan zamanin ne muka yi musanye da maƙwabta. Muka koyi kisra da asida da mulah, su kuma suka karɓi gasasshen namanmu mai ƙuli da yaji. Agashe da ake layi a kansa a Khartoum, sunansa ma Hausa ne tsantsa.

Juyin gaske sukari ne ya kawo shi. Aka kafa masana'antar Junaid a 1962, ta Sinnar ta biyo baya, sannan Kenana. Shayi ya tashi daga abin karrama baƙo ya koma abin sha sau uku a rana, cokali uku a ɗan kofi, zalabiya na tsuwa cikin mai a gefe. Burodin alkama mai tallafin gwamnati ya ture dawa a hankali, har ya kai ga tsadarsa ce ta fito da mutane titi a Damazin da Atbara a Disamban 2018. Kuɗin 'yan ci-rani daga Saudiyya ya ƙara mai a miya, babur da rakasha suka rage tafiyar ƙafa. Teɓa ta zama shaidar samu, mu ma muna yaba ta.

A nan ne wata cuta ta samu ƙofa. Bayan tumbi akwai wani ɗan sashe da likitocin Wad Madani ke kira bankiriyas, shi ke fitar da ruwan da ke narka abinci, musamman mai maiƙo. Idan ɗan dutse ya gangaro daga matsarmama ya toshe hanya, ko kitse ya yi wa jini yawa, ruwan nan sai ya juya ya fara cin naman da ya samar da shi. Giya ma na jawo hakan. Duk wanda ya taɓa ganin mai wannan ciwo ba ya mantawa: zafi a saman ciki yana ratsawa zuwa baya, amai ba ƙaƙƙautawa, mutum ya naɗe gwiwa a ƙirji don kwanciya rigingine ta gagare shi. Sau da yawa bayan cin abinci mai nauyi yake tasowa, irin na walima ko na babbar sallah.

Kusan huɗu cikin biyar na masu ciwon suna warkewa cikin kwanaki da ƙarin ruwa da maganin zafi. Ragowar ne abin tsoro, kuma mai kitsen ciki ya fi faɗawa cikinsu, domin ruwan da ya tsiyayo yana narka kitsen, gubar da ke fita ta taɓa huhu da ƙoda. Wato abin da aka tara a shekara ashirin na shayi da suya yana da hannu a yadda daren da ciwon ya taso zai ƙare.

Yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023, ya kuma iso Wad Madani a Disambar wannan shekarar, ya mayar da gidaje da yawa kan dawa da ruwa, ba don sun zaɓa ba, ya kuma nisanta asibiti. Duk da haka, ɗan'uwa, idan ciwon ciki ya ratsa maka baya bayan ka ci maiƙo, kada ka tsaya jiƙa kanwa. A nemi likita a daren.