Zamiya da Horon Doki a Tarihin Garwa

Garin Garwa yana bakin kogin Binuwai a arewacin Kamaru, kuma yana cikin ƙasashen da suka bi Yola a ƙarni na 19, bayan Modibbo Adama ya karɓo tuta daga Shehu Usmanu ɗan Fodiyo. Ƙarfin lamidai na wannan yanki, irin su na Garwa da Marwa da Rai Buba, ya dogara ne a kan dawaki. Amma mallakar ingarma abu ne daban, samun dokin da zai yi biyayya a fagen fama kuma abu ne daban. Abin da ke raba su shi ne horo, kuma tushen horon yana ƙafafun baya.

Doki a halittarsa ya fi ɗora nauyi a gaba, domin kai da wuya suna can: kusan kashi 60 cikin ɗari na nauyinsa yana kan ƙafafun gaba. Idan an ƙara masa barde da sirdi da lifidi, sai nauyin ya daɗa rinjaya gaba, juyi ya yi masa wuya. Saboda haka mai horo yakan koya masa ya shigo da ƙafafun baya ƙarƙashin cikinsa, ya sauke kuturi, gaba ta yi sauƙi. Ana samun haka ta yawan tashi da tsayawa, da ja da baya, da zagaye, da hawan tudu, har sai jijiyoyin cinya da na gadon baya sun yi ƙwari. Aiki ne na watanni, ba ya son gaggawa.

Dokin da ya samu wannan horo shi ne ke iya zamiya, wato ya taho a sukwane, a ja linzami, ya zauna a kan ƙafafun baya ya tsaya cik. A yaƙi wannan yana iya zama tsakanin rai da mutuwa, domin barden da ya jefa mashi dole ne ya juya nan take. Kayan hawan ma sun dace da haka. Sirdin yana da tudu gaba da baya don ya riƙe mahayi, linzamin kuwa mai zobe ne da ke kama haɓar doki. Irin wannan linzami yana da kaifi ƙwarai. A hannun gwani taɓawa kaɗan ta isa, a hannun wanda bai iya ba kuwa yakan fasa bakin doki, ya tsaya don zafi alhali bayansa bai ƙosa ba.

Zuwan Turawa ne ya kawo ƙarshen amfanin wannan dabara a yaƙi. Ingilishi sun ci Yola a 1901, Lamiɗo Zubairu ya fice. Dakarunsa sun kara da Jamusawa a Garwa a ƙarshen wannan shekara, sannan a kusa da Marwa a farkon 1902, inda bindiga mai ruwan harsashi ta karya mahaya dawaki.

Duk da haka dabarar ba ta ɓace ba. Ta koma fagen biki, inda mahaya ke yin jahi a gaban lamiɗo ranar salla, kamar yadda ake yi a Kano da Katsina. Haka ya faru a Turai: horon dawakin soja ya zama wasan da ake kira dirasaj, wanda ya shiga gasar Olamfik a 1912, kuma alƙalansa suna duba yadda doki ke ɗaukar nauyinsa da ƙafafun baya. Wannan shi ne abin da masu kallon jahi a Garwa ke yabawa idan doki ya zame a gaban fada.