Russell, Jataun Turawa

A ƙauyukan da ke tsakanin Dambatta da Makoda, inda gona ke manne da gona, gida na hango gida, da wuya ka shiga babban gida ka rasa Muhammadu uku ko huɗu. Sunan yanka ɗaya, mutane daban-daban, don haka ba da shi ake kira ba. Wanda ya zo bayan mata shi ne Tanko, wanda ya biyo tagwaye Gambo, wanda aka haifa ana tsakiyar aikin damina Nomau. Wanda kuwa ya faɗo da hasken fata, tsofaffin gida su leƙa zani su ce Jatau ya iso. A gidanmu akwai Jatau, ƙanen mahaifina. Sai da na shiga sakandare na ga katin zaɓensa, sannan na san yana da wani suna ban da wannan, domin kakarmu ba ta taɓa furta shi ba: sunan surukinta aka mayar masa.

Abin da ya tuno mini da Baba Jatau shi ne allon wani asibiti a Kaduna, Asibitin Koyarwa na Barau Dikko. Mai sunan shi ne likita na farko ɗan Arewacin Nijeriya, kuma cikakken sunansa Russell Aliyu Barau Dikko. Uku daga cikin sunayen nan namu ne. Na farkon baƙo ne, irin baƙon da za ka karaɗe ƙasar Kano ba ka ci karo da mai amsa shi ba. Da na bi diddiginsa sai na tarar ashe Jatau ne ya sa kwat.

Asalin kalmar ba ma Turancin Ingila ba ne. Daga tsohon Faransancin Normawa ta fito, mutanen da suka tsallaka teku suka ci Ingila da yaƙi a 1066. A harshensu rous na nufin ja, daga Latin russus. Idan aka ƙara masa ɗafin ƙanƙantarwa sai ya zama rousel, wato ɗan ja. Laƙabi ne da ake yi wa mai jan gashi ko mai jar fuska. A nan ne kawai muka ɗan saɓa da su: mu fata muke dubawa mu ce wane ja ne, har muka kira Turawan gaba ɗayansu jajayen fata, su kuwa da yake duk farare ne sai suka koma kan gashi. Dalilin laƙabin kuma bai bambanta da na gidanmu ba. Ƙauyukan Ingila na wancan zamani cike suke da masu suna John da William, dole a sami abin da zai raba wannan da wancan, musamman idan mai karɓar haraji ya zo da takardarsa. A hankali laƙabin uba ya zama abin gado, ɗa ya ɗauka ko da gashinsa baƙi ne.

Da a nan ya tsaya, da ya zauna sunan iyali kamar dubban irinsa. Sarauta ce ta ɗaga shi. Wani John Russell ya yi wa Sarki Henry na Takwas hidima, ya sami filaye masu yawa, aka kuma naɗa shi sarautar Bedford a 1550. Daga zuriyarsa aka sami William Russell, wanda aka fille wa kai a 1683 bisa zargin hannu a makircin kashe Sarki Charles na Biyu, masu adawa da mulkin danniya kuma suka ɗauke shi gwarzon da ya mutu a kan gaskiya. Aka sami Lord John Russell, Firayim Minista daga 1846 zuwa 1852, da kuma karo na biyu a 1865. Jikansa shi ne masanin falsafa Bertrand Russell, wanda ya sami kyautar Nobel ta adabi a 1950. Dandalin Russell da ke tsakiyar Landan filin gidansu ne, kuma a gefensa makarantar SOAS take, inda aka daɗe ana koyar da Hausa. Ɗalibanmu da yawa sun ratsa dandalin nan ba su san na Jatau ba ne.

A ƙarni na 19 iyaye a Ingila da Amurka suka shiga ɗabi'ar ɗauko sunayen manyan gidaje suna raɗa wa 'ya'yansu maza, irin su Howard da Stanley da Sidney. Ta wannan ƙofa Russell ya koma sunan yanka. A Amurka ya shafe mafi yawan ƙarni na 20 cikin sunayen maza ɗari da aka fi sawa. A Ingila ya yi tashe wajen shekarun 1960 da 1970, sannan ya dusashe, har ya zama yau idan ka ji shi ka fi zaton mai shi ya fara furfura. Waɗanda suka sa wa 'ya'yansu shi ba ja suke nufi ba. Girma suke nema.

To, yaya aka yi ya iso ƙasar Hausa? A 1900 wata tawagar mishan ta CMS ƙarƙashin Bishop Tugwell ta isa Kano, Sarki Alu ya sallame su ba tare da ya ba su wurin zama ba. Cikinsu akwai Dokta Walter Miller, wanda daga baya ya sami masauki a birnin Zariya a 1905, kafin mishan ɗin ya koma Wusasa a 1929. A cikin wannan 'yar ƙaramar al'umma Dikko ya tashi. An haife shi a 1912. Ya yi King's College a Legas, ya karanta likitanci a Jami'ar Birmingham, yana cikin waɗanda suka kafa Jam'iyyar Mutanen Arewa a 1948, ya kuma riƙe muƙamin kwamishinan tarayya a gwamnatin Gowon daga 1967. Ya rasu a 1977. Mishan na wancan lokaci sukan ɗora wa yaro sunan Turawa a kan na gida, su kuwa na gidan kowanne da labarinsa: Dikko ɗan fari ne a bakin Fulani, Barau kuma roƙo ne da akan yi wa ɗan mai wabi, a bar mata wannan.

Sunan bai yi rassa ba, kuma a ganina dalilin a fili yake. Gwamnatin mulkin mallaka ta daɗe tana taka wa mishan birki a masarautun Musulmi. A Kano sai a 1937 SIM ta karɓi asibitin kutare. Hausawan da suka karɓi Kiristanci kuma suna da rumbun sunaye a Littafi Mai Tsarki na Hausa da ya fito a 1932: Bulus, Bitrus, Yohanna, Istifanus, sunayen da ke zama daidai a bakin Bahaushe. Russell ba annabi ba ne, ba manzo ba, kuma gidan Bedford ba shi da wata daraja a kasuwar Dambatta. Ma'anarsa kuwa, wadda ita kaɗai za ta iya sa mu gane shi, tun a Ingila aka bar ta a baya. Da aka tashi karrama likitan, Barau Dikko aka rubuta a allon.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne namu Jataun ya bi kusan hanya iri ɗaya, har ma ya zarce. Sarkin Zazzau na Haɓe a ƙarshen ƙarni na 18 shi ne Isiyaku Jatau. Bayan jihadi ɗansa Muhammadu Makau ya bar Zariya ya yi kudu da jama'arsa. Ɗan'uwan Makau, Abubakar, wanda ake ce wa Abu Ja saboda hasken fatarsa, ya gaje shi, ya kafa gari a 1828, garin ya ci sunansa. Da gwamnatin Murtala ta yanke shawarar gina sabon babban birni a 1976, sai aka ɗauki sunan aka ba sabon birnin, tsohon garin ya koma Suleja, daga sunan sarkinsa Sulaimanu Barau. Turawa sun sami dandali ɗaya a Landan. Mu babban birnin tarayya sukutum muka sa wa sunan jan mutum, kuma masu faɗin Abuja kullum kaɗan ne ke jin "ja" ɗin da ke ciki.

Makaranta da takardun gwamnati ne suka yi mana abin da mai haraji ya yi wa Ingila. Da aka ce kowa ya kawo suna na biyu, wasu suka ba da garinsu, kamar Aminu Kano da Magaji Dambatta. Wasu suka ba da laƙabin uba, shi ya sa muke da Shekarau da Ɗantata a matsayin sunayen gidaje. A lokaci guda kuma laƙabin yana ja da baya a ɗakin mai jego. Matasan iyaye a ƙauyenmu yanzu sun fi son Amir da Sultan da Khalifa, wato su ma girma suke nema, kamar Ba'amurken da ya sa wa ɗansa sunan gidan sarautar da bai taɓa gani ba. Rabon da in ji an kira jariri Jatau a wajenmu na manta.

Baba Jatau ya rasu shekaru huɗu da suka wuce. Jikokinsa bakwai ne ke makaranta, dukkansu kuma Jatau suke rubutawa a gurbin sunan iyali. Biyu daga cikinsu baƙaƙe ne wuluk.